Abin da Zufa ke Kwashewa daga Mai Saran Rake

Daga ƙarshen damina har bazara ta kankama, mai bin hanyar Zariya zuwa Kano ba zai rasa ganin manyan motoci suna ɓullowa ta Tashar Yari da lodin rake har ya yi tozo ba. Daga fadamun Makarfi da Kudan da wani yanki na Ikara ake saro shi. Kafin sanda guda ta isa hannun mai talla a birni, sai da wani ya sunkuya ya sare ta, wani ya ɗaure dami, wani ya saɓa a kafaɗa ya fito da shi bakin hanya, wani ya cilla shi saman mota. Ga kuma masu mazarƙwaila da ke yini a bakin wuta suna juya ruwan rake har ya yi kauri. Aikin ƙarfi ne zalla, kuma galibinsa jinga ne: iya abin da ka yi, iya abin da za ka karɓa.

A da, abin da ake kai wa ma'aikaci gona sananne ne: ruwa a gora, fura, kunu, farau-farau, sai goro ga manya. Yau an samu ƙari. Da wuya ka shiga shago a Hunkuyi ko Paki ka rasa lemon ƙara kuzari irin su Fearless da Predator, kuma da magariba ta yi za ka ji matashi a bakin kemis yana cewa, "Malam, a ba ni na gajiya." Masana sun daɗe suna gwada irin waɗannan abubuwa a kan 'yan wasa da sojoji da leburori. Kafin a fahimci abin da suka gano, sai an fara sanin me jiki yake asara idan yana aiki a rana.

Tsoka ba ta da tattali. Cikin ƙarfin da take ƙonawa daga abinci, kusan kashi 1 cikin 5 ne kawai ke zama aiki, sauran duk zafi yake komawa. Jikin mutum kuwa yana son zama a wajen digiri 37, in ya haura 40 ƙwaƙwalwa ta fara rikicewa. Dole zafin nan ya fita, kuma babbar hanyarsa ita ce zufa. Wanda ya san randar ƙasa ya san dabarar: ruwa na tsattsafowa ta jikinta, iska na busar da shi, shi ya sa na ciki yake sanyi. Bushewar ce ke sanyayawa, ba jiƙewar ba. Zufar da ta ɗiga ƙasa ta tafi a banza.

Mai aiki tuƙuru a rana yakan fitar da zufa tsakanin rabin lita zuwa lita 2 a awa guda. Ruwan nan daga jini ake zarar shi. Ga shi kuma a daidai lokacin jinin na da wuraren zuwa biyu: tsoka na neman sa don aiki, fata na neman sa don ta fitar da zafi. Da ya fara raguwa, sai zuciya ta ƙara sauri don ta cike giɓin, sai kuma jiki ya rage rabon hanji da na ƙoda. Gwaje-gwaje da dama sun nuna idan ruwan da mutum ya rasa ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, ƙarfinsa da juriyarsa suna raguwa a fili, musamman cikin zafi. Ga mai nauyin kilo 60, wannan lita 1.2 ne kacal, wato bai kai ledar fiya wata uku ba. Mai saran rake zai iya kai wa nan kafin hantsi ya dubi ludayi.

Hunturu ya fi yaudara. A watan Afrilu kowa ya san yana zufa, riga sharkaf. A Disamba da Janairu kuwa, lokacin da saran rake ke kan ganiyarsa, iskar ta bushe ƙayau, tana lashe zufar tun kafin ta taru. Mutum na ganin jikinsa a bushe, garin ma ba zafi sosai, sai ya yi sakaci da ruwa, alhali yana ta asara. Alamar da ba ta ƙarya ita ce fitsari: in ya yi kaɗan, ya yi duhu kamar shayi, ƙoda ce ke matse ɗan ruwan da ya rage.

Ba ruwa kaɗai ke fita ba. Farin zanen da ake gani a bayan rigar lebura in ta bushe gishiri ne. Kowace lita ta zufa tana tafiya da kimanin giram 2 zuwa 3 na gishiri, wani ya fi haka, wani bai kai ba. Wanda ya saba da aikin rana zufarsa ta fi tsarki daga gishiri, domin cikin mako ɗaya zuwa biyu jiki yana koyon riƙe shi. Shi ya sa ɗan makarantar da ya zo hutu ya shiga gona yakan riga kowa faɗuwa. Ba ragwanci ba ne, jikinsa ne bai gama sabawa ba. Gishirin nan shi ke riƙe ruwa a cikin jini. In ka ɗura ruwa zalla mai yawa a lokaci guda, jinin zai tsinke, ƙoda ta ga ruwa ya yi yawa, ta zubar da kaso mai tsoka. Abin yana iya wuce nan ma. A tseren gudun yada ƙanin wani na Boston na 2002 an auna jinin mutum 488 bayan sun gama, aka tarar 13 cikin 100 gishirin jininsu ya faɗi ƙasa da ƙa'ida, mafi yawa saboda sun sha fiye da abin da suka zubar. Wannan ba kasafai zai samu manomin da ke cin tuwo da miya mai gishiri ba, amma ya isa ya nuna cewa sha kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi a shanye galan a zama ɗaya.

To wane abin sha ne ya fi zama a jiki? A 2016 Ronald Maughan da abokan aikinsa a jami'o'i uku na Birtaniya sun wallafa wani gwaji mai sauƙin fahimta. Sun samu maza 72, suka gwada abin sha iri 13, kowane mutum aka ba shi lita guda-guda ta wasu daga ciki a ranaku daban-daban, sannan suka auna fitsarinsu na awa 4. Shayi, kofi, lemon kwalba, har da lemon 'yan wasa da ake ta tallatawa, duk ba su bambanta da ruwa ba. Abu uku ne suka fita daban: madara mai maiƙo, madarar da aka yaɗe, da ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yaro mai gudawa. Masu shan waɗannan fitsarinsu ya gaza na masu shan ruwa da kusan kashi 1 cikin 5. Dalilin madara a bayyane yake: tana da nata gishirin, tana da maiƙo da sinadarin gina jiki da ke sa ta bar ciki sannu a hankali, don haka ruwanta ba ya afka wa jini gaba ɗaya. Da ɗanyar madara aka yi gwajin, kuma a kan mutanen da ke zaune, ba masu aiki ba. Amma abubuwan da suka sa ta yi zarra suna nan a cikin nonon da 'yar Fulani ke kawowa kasuwar Makarfi, kuma in aka dama shi da fura an ƙara masa gero mai riƙe ciki. Mai azumin da zai shiga gona ya duba wannan da kyau. Kofi biyar na ruwa a jere daf da kiran assalatu rabinsu zai fita kafin rana ta ɗaga. Fura da nono da abinci mai gishiri, tare da ruwan da aka rarraba sha tun daga buɗa baki, sun fi kai mutum nesa.

Shi kuwa ruwan gishiri da sukari, labarinsa ya cancanci a ɗan tsaya. A 1960 wani masani mai suna Robert Crane ya bayyana cewa a bangon hanji akwai wata kafa da ba ta shigar da gishiri sai tare da sukarin gulukos, su biyun kuma in sun shiga ruwa na biye da su. A 1971, lokacin yaƙin Bangladesh, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ruwan ƙarin da ake sa wa ta jijiya ya ƙare. Likita Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa haɗa gishiri da sukari a durom ana ba marasa lafiya. Mace-mace suka sauko daga kusan 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Lemon 'yan wasa na farko da ya yi suna, Gatorade, wanda Robert Cade ya haɗa wa 'yan ƙwallon Jami'ar Florida a 1965, shi ma ruwa ne da gishiri da sukari. Haɗin gida da ma'aikatan lafiya ke koyarwa shi ne lita guda ta ruwa mai tsabta, wato leda biyu ta fiya wata, da ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Awon shi ne komai. In gishiri ya yi yawa ya zama cuta, in sukari ya yi yawa aikin ya lalace. Mai hawan jini ko ciwon sukari kuma sai ya tuntuɓi likita kafin ya mai da shi abin shan kullum.

Me ya sa yawan sukari ke ɓata aikin? Domin ruwa yana bin inda ya fi kauri. Lemon kwalba yana da sukari wajen kashi 10 cikin 100, kusan ninki huɗu na haɗin da aka ambata, gishirinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Yana daɗewa a ciki, kuma da ya isa hanji sai ya fara janyo ruwa daga jiki kafin a tsotse shi. A 2019 masu bincike a Jami'ar Buffalo ta Amurka sun sa mutum 12 aikin ƙarfi na awa 4 a ɗaki mai zafin digiri 35, wata rana da ruwa, wata rana da lemo mai zaƙi da kafeyin. Ranar lemo, 9 daga cikinsu jininsu ya nuna alamar matakin farko na raunin ƙoda. Ranar ruwa, mutum 1 ne. Gwajin ƙarami ne, ba a yanke hukunci da mutum 12. Sai dai ni ban ga dalilin da zai sa mai lodin rake ya sayi wannan kasadar da kuɗinsa ba. Ruwan raken kansa ya fi lemon kwalba zaƙi, kuma shi ma ba shi da gishirin kirki. Wani gwaji a Indiya a 2013 kan 'yan wasa 15 da aka sa tuƙa keke ya nuna bai gaza lemon 'yan wasa ba, amma a ɗaki mai sanyi aka yi shi. Shan rake a gona yana ba da ƙarfi nan take, wannan gaskiya ne. Ba ya maye gurbin ruwa.

Sai babban abin da ke sa a sayi gwangwanin ƙara kuzari, wato kafeyin, wanda mu a nan muka daɗe da saninsa ta goro da shayi. Muddin mutum na farke yana aiki, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa, shi ke sanar da shi cewa ya gaji. Kafeyin yana zuwa ya tare gurbin da adenosin ke zama, sai saƙon ya kasa isa. Gajiyar tana nan daram, ji ne kawai ba a yi. Kada a ce ba ya aiki: yana yi. Miligiram 3 zuwa 6 a kan kowane kilo na nauyin jiki yana ƙara wa ɗan tsere juriya da kimanin kashi 2 zuwa 4 cikin 100, kuma tun 2004 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta cire shi daga jerin haramtattu. Zancen da ake yi cewa shayi na busar da jiki shi ma bai tabbata ba ga wanda ya saba. A Birmingham a 2014 an gwada maza 50 masu shan kofi, kofi 4 a rana da ruwa kofi 4 a rana, ba a ga bambanci a ruwan jikinsu ba. Don haka teburin mai shayi ba shi da laifi a wannan fannin.

Inda gizo ke saƙar shi ne yawa da lokaci. Hukumar lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce a 2015 babba lafiyayye kada ya wuce miligiram 400 a yini, ko 200 a sha ɗaya. Mai juna biyu kuwa 200 ne iyakarta a yini. Galibin lemon ƙara kuzari yana ɗauke da wajen miligiram 30 a kowane mililita 100, wato robar rabin lita ta kusa 150, ga sukari kusan ƙaramin cokali 12. Goro ana ɓantara ne, a tauna a hankali, ɗacinsa ma na hana zarcewa. Roba mai sanyi da zaƙi kuwa cikin minti biyu an shanye, mai ƙishirwa kuma zai ƙara ta biyu. Wani gwaji a Kalifoniya a 2019 ya ba mutum 34 kusan lita guda ta irin wannan lemo, jininsu ya hau, kuma tazarar bugun zuciyarsu ta canja na tsawon sa'o'i. Sannan kafeyin ba ya barin jiki da wuri: bayan kamar awa 5 rabinsa na nan. A 2013 an nuna a Detroit cewa miligiram 400 da aka sha awa 6 kafin kwanciya yana rage barci da fiye da awa guda. Wanda ya sha bayan la'asar don ya ƙarasa lodi zai kwana yana juyi, ya tashi a gajiye, ya nemi wani gwangwanin da safe. In kuwa dama mutum na cikin damuwa, ga bashin taki, ga farashi ya faɗi, to kafeyin yana ƙara yawan kotisol, sinadarin da jiki ke saki idan hankali ya tashi. Mai neman kwanciyar hankali ba a nan zai same ta ba. Ga dattijon da jininsa ke ɗan hawa, zoɓon da ba a cika masa sukari ba ya fi shaida a bayansa: a Jami'ar Tufts a 2010, mutum 65 aka gwada na mako 6, masu shan kofi 3 a rana awon jininsu na sama ya sauka da wajen maki 7. Taimako ne, ba madadin maganin asibiti ba.

Samarin da ke ɗaga ƙarfe da masu ƙwallon yamma su kuma garin gina jiki da ƙwayoyin bitamin ake tallata musu. A taƙaice, kwamitin wasannin Olamfik ya duba lamarin a 2018, kuma cikin tarin kayan da ake sayarwa 'yan ƙalilan ne ya ce suna da hujja mai ƙarfi, ciki har da kafeyin da kiriyatin. Tun kafin nan, wani ɗakin gwaji a Kolon ta Jamus ya auna irin waɗannan kaya 634 daga ƙasashe 13, ya tarar kusan 15 cikin 100 an cusa musu sinadaran kumbura tsoka da ba a rubuta a jikin roba ba. Wake, gyaɗa, ƙwai, waken suya da nono suna ba da abin da garin yake alƙawari, kuma an san abin da ke cikinsu.

Hausawa sun ce jiki magayi. Matsalar "na gajiya" ita ce rufe bakin magayin. Binciken da Najeriya ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 na shan magungunan kashe raɗaɗi dangin tiramadol ba bisa umarnin likita ba, kuma a shekarar ce aka hana maganin tari mai kodin. Da yawan masu shan tiramadol ba don maye suka fara ba, don aiki ne. Yana kashe jin ciwo, sai mutum ya wuce iyakar da jikinsa zai tsayar da shi. In ya yi yawa yana jawo jijjiga kamar farfaɗiya, kuma yana kama mutum. Tun Janairun 2024 an haramta shi ga 'yan wasa a lokacin gasa. Su diclofenac da ibuprofen kuwa ba sa sa maye, shi ya sa ba a jin tsoronsu, alhali a nan hatsarinsu ya fi ɓoyuwa. Idan ruwa ya yi ƙaranci, ƙoda tana sakin wasu sinadarai da ke buɗe mata jijiyoyi don ɗan jinin da ke zuwa ya ishe ta. Waɗannan magunguna su ne ke toshe sinadaran. Mutumin da ya yini a rana, fitsarinsa ya yi ja, ya haɗiye biyu da daddare ba tare da ya cika cikinsa da ruwa ba, ya ƙara wa ƙodarsa nauyi a ranar da ta fi rauni.

Masu saran rake na Amurka ta Tsakiya ne suka sa duniya ta mai da hankali kan wannan. A Nikaragwa da El Salbado an lura tun shekarun 1990 cewa matasa majiya ƙarfi, marasa hawan jini ko ciwon sukari, ƙodarsu na mutuwa. An ƙiyasta fiye da mutum 20,000 sun rasu a yankin. Kusa da garin Chichigalpa akwai ƙauyen da aka koma kira tsibirin zawarawa. Masana na ci gaba da muhawara kan rawar da maganin feshi da gurɓataccen ruwa suka taka, kamar yadda ake yi kan ciwon ƙodar da ya addabi Gashuwa a Yobe. Amma bayanin da ya fi samun goyon baya a can shi ne ƙananan raunuka da zafi da ƙishirwa ke yi wa ƙoda kullum, kaka bayan kaka, har su taru su zama babba. Yanayinsu ba irin namu ba ne sak. Su manyan gandaye ne na kamfani, ana ƙone rake kafin a sara, iskar kuma na da laima. Ƙoda dai iri ɗaya ce.

Abin da ya yi musu magani ba a kwalba ya zo ba. A wani kamfanin sukari na El Salbado an ba masu sara jakar ruwa ta goyo mai cin lita 3, aka kafa rumfar tafi-da-gidanka a bakin gona, aka tilasta hutu a kan lokaci, aka kuma canja musu adda da mai sauƙin riƙo. A Nikaragwa, shirin Adelante da aka fara a 2017 ya ƙara yawan hutu da inuwa da ruwan gishiri da sukari, kuma cikin kaka guda raunin ƙoda a tsakanin masu aiki mafi nauyi ya ragu da kusan 70 cikin 100. Tilasta hutun ne ginshiƙi, domin ɗan jinga ba ya hutawa don kansa. Duk mintin da ya zauna, dami ne ya rasa, kuma na kusa da shi bai zauna ba. Sai in mai gona ko shugaban 'yan lodi ne ya ce kowa ya ajiye adda lokaci guda. Mai gona a Makarfi zai ce wannan asara ce gare shi. Amma da aka auna a El Salbado, abin da mutum ɗaya ke sara a yini ya tashi daga tan 5.1 zuwa 7.3.